Sunan Surukina a Gwangwanin Taba

A bangon ɗakin da muke magana da duniya a gidan rediyonmu, dab da agogo, akwai wata takarda da shugabanmu Mista Linzi ya yi shekara biyu yana zaton jerin masu neman gaisuwa ne. Ba su ba ne. Sunayen da bakinmu ba ya iya faɗa ne. Layi ɗaya nawa, ɗaya na abokin aikina Misiel. A nan tsibiran Niugini kalma ɗaya muke da ita, tambu: ita ce suruki, ita ce kuma abin da aka hana. Mutum ba ya kiran sunan tambunsa. Rubutawa dai ba laifi, tunda kakanninmu ba su san biro ba balle su hana. Saboda haka idan saƙo ya zo da sunan da ke layina, sai in tura wa Misiel takardar ta kan tebur ya karanta, in nasa ne ya turo mini. Masu sauraro ba su taɓa lura ba.

Sunan farko a layina na mahaifin matata Relvi ne. Masunci ne a tsibirin Palikur, kuma shi ke ba da waƙa idan ana tuƙa babban kwalekwale. Yanar ido ta rufe masa gani tun kafin in auri 'yarsa, don haka bai taɓa ganin fuskata ba. Muryata kawai ya sani, ita ma yawanci daga akwatin rediyon malamin makarantar ƙauyensu.

Na taɓa yi wa tsohon nan ɓarna, kuma gara in faɗa da bakina. Akwai likitan ido da ke zuwa daga Ostireliya sau ɗaya a shekara, ya yi 'yan kwanaki ya wuce. A 1962 na yi ta sintiri a asibiti har aka sa sunan surukina cikin waɗanda za a yi wa aiki. Da takardar kira ta iso, Misiel ya miƙo hannu kamar yadda muka saba, na hana shi. So nake albishir ya fito daga bakina, duk Palikur su ji irin surukin da tsoho ya samu. Na gyara murya na ce, "Mahaifin matata Relvi ya shirya, jirgi zai ɗauke shi gobe." Na manta cewa a Palikur mahaifin Relvi mutum uku ne, shi da 'yan'uwansa biyu, kuma in aka ce uba aka yi shiru, babban wa ake nufi. Babban wan nan, wanda ke hango kifi daga kan tudu, ya ɗaura sabon zane, ya hau jirgi, ya ci abincin asibiti kwana huɗu, ya koma gida da tabarau. Surukina ya zauna a cikin duhunsa wata shekara guda. Relvi, wadda ta koma can tana kula da shi, ta rubuto mini abin da ya ce: "Ranar haraji gwamnati ta san sunan kowa. In ni take nema, ta kira ni."

To, ranar da nake son ba da labarinta wata Talata ce a shekarar da ta biyo. Mista Linzi ya ɗauki motar gidan rediyo da asuba, ya tafi da Misiel can ƙetaren kogi ɗaukar gasar mawaƙan coci, ba za su dawo ba sai gobe. Aka bar ni da injiniyanmu Penias. Penias ƙanwar Relvi yake aure. Ya girme ni da shekara biyar, amma tunda ni yayar na aura dole yake ce mini Yaya, kuma kullum sai ya ja kalmar yadda zan ji haushi.

Mun buɗe tasha ƙarfe shida da bugun gangar itace, sai waƙar coci, sai labarai. Da tsakar rana na karanta farashin busasshiyar kwakwa, wanda ya sake faɗuwa, na kuma yi jawabin malamin gona kan ƙwaron koko da muryar da ta nuna kamar na taɓa ganin ƙwaron. Na karanta zirga-zirgar jiragen ruwa: Tavur zai tsaya a Palikur gobe da hantsi na awa ɗaya, daga nan ba zai sake komawa ba sai bayan mako uku. Na karanta wannan layin ba tare da na ji komai ba, don likitan ido sai mako mai zuwa muke sa ransa, kuma na riga na shirya da Misiel cewa bana shi zai karanta.

Ƙarfe huɗu na shiga zaɓi-sonka. Shi ne shirin da ya fi mini daɗi. Ma'aikatan gonakin kwakwa su aiko da kati suna neman faifan jita don a gaida wata Lusia wadda, in ka bi lissafin katunan, samari bakwai ke gaishe ta. Na saki faifai na biyu na fita shan iska, sai na ga farar ambulan a akwatin saƙonni. Direban asibiti ne ya jefa ya wuce. Likita ya zo da wuri, zai tafi Juma'a. Mutum huɗu ake so su hau Tavur gobe. Na uku shi ne sunan farko a layina.

Ƙarfe huɗu da kwata ke nan. Ƙarfe biyar muke karanta saƙonni, kuma wannan ne kaɗai lokacin da malamin Palikur ke kunna akwatinsa, don batir tsada gare shi. Gidan rediyonmu yana kan tudu, mil huɗu daga gari, mota kuma tana ƙetaren kogi.

Na manna takardar a gilashin da ya raba ni da Penias. Ya karanta, ya cire hularsa.

"To, Yaaaya," in ji shi ta bututun magana, "sai ka sake cewa mahaifin matarka. Wataƙila bana ƙaramin ƙanin ne zai samu tabarau."

"Ka karanta kai. Ka zo ka zauna a kujerata, minti ɗaya ne."

"Ni? Ka ji mutum! 'Yar wa ka ga ina aure, 'yar kifi?"

Faifai ya ƙare, jar fitila ta kama, na koma na gaida Lusia da murya mai fara'a. Haka muka yi sauran lokacin nan. Kowane faifai minti uku ne, minti ukun nan su ne duk abin da muke da shi na tunani.

A faifai na gaba na ruga bakin ƙofa. Mama Yawi na nan a gindin mangwaro inda ta saba kasa buai, goron da muke taunawa da farar ƙasa. Mutuniyar babban yanki ce, ba 'yar tsibiri ba, ba ta haɗa komai da mutanen Palikur ba, bakinta a sake yake ta faɗi sunan kowa. Na kamo hannunta ina roƙo har cikin ɗaki.

"Mama, kalma ɗaya za ki faɗa a wannan ƙarfen. Suna ne kawai."

Ta tofar da jan miyau a gwangwaninta, ta gyara ɗankwali. "Har can garinmu za a ji ni?"

"Har can."

"To faɗa mini sunan."

Na buɗe baki na rufe. Na dubi Penias, ya dubi silin. Na miƙa mata takardar na ɗora yatsa a kan layin.

"Ɗana, ni wannan tafiyar tururuwa ce a wurina. Ban yi makaranta ba. Faɗa mini kawai, zan riƙe."

"Ba zan iya ba, Mama. Tambuna ne."

"Shi wancan mai kunnuwan ƙarfe fa?"

"Shi ma tambunsa ne."

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta fashe da dariyar da ta sa allurar injin Penias ta buga ƙarshe. "Maza biyu da gidan ƙarfe guda, kuna magana da duniya, ba mai iya faɗa wa tsohuwa kalma ɗaya! Duk garin nan ba ku samu matan aure ba sai a gida ɗaya?"

Na gwada bin hanya da ita. Na ce farkon sunan kamar farkon kalmar kaza yake, ƙarshensa kamar ƙarshen wata. Ta harhaɗa ta faɗa da ƙarfi, tana alfahari. Sunan babban wan ne ya fito, don harafi ɗaya ya raba su. Penias ya kife kansa a kan injin. Na raka ta waje, ta cusa mini buai ɗaya a aljihu ta ce in tauna ko kaina zai buɗe.

Biyar saura ashirin. Na zauna, faifai na juyawa, na ce wa Penias, "Zan faɗa. Kome zai faru ya faru."

Wannan karon bai ja mini suna ba. "Apelis, ka san abin da zai faru. Duk ƙauyen na zaune a gindin akwatin. Za su ji mijin 'yarsa ya kira shi gatsau kamar yaron aikensa. Relvi ba za ta ƙara ɗaga kai a Palikur ba. Shi kuma ka san halinsa. Ko an ɗauko shi a kafaɗa ba zai hau jirgin da aka kira shi da wulakanci ba. Ka rasa mutunci, shi ya rasa ido."

Gaskiya ya faɗa, kuma na ji haushinsa don ya faɗe ta. In na yi shiru, tsoho ya zauna. In na faɗa, tsoho ya zauna. Likitan asibiti ya riga ya gaya mini bara cewa yanar ta tsufa, ba lallai ta jira wata shekara ba. Na ji tsoro sosai, kuma na san ni na jawo.

"Minti ukun nan ba sa isata," na ce. "Nemo mana abu mai tsawo ka sa, in samu in yi tunani."

Ya miƙe ya nufi kantar da muke jera tef ɗin waƙoƙin ƙauyuka, yana bin su da yatsa yana gunaguni. Sai na ga yatsan ya tsaya. Ya zaro wani kwali a hankali, ya juyo da shi wajen gilashi. Rubutun Misiel ne: Palikur, waƙar babban kwalekwale, 1961.

"Yaya, ka san yadda Misiel yake yi kafin kowa ya fara waƙa?"

Na sani. Yakan ce wa mutum, faɗi sunanka da garinku don mu ji ko injin na ɗauka.

Muka sa faifai mafi tsawo da muke da shi, wani na 'yan busa na 'yan sanda, muka ɗora tef ɗin a ɗaya injin. Aka ji iska, aka ji teku, aka ji zakara. Sai muryar Misiel, sai tari, sai ga muryar tsoho, kakkausa, ba gaggawa: "Ni ne wane, na Palikur." Ni da Penias muka sunkuyar da kai tare, kamar ya shigo ɗakin.

"Yanko wurin," na ce. "Ga reza."

"In sa reza a sunan tambuna? Kai dai yau ba ka da lafiya."

"To ya za a yi?"

"Zan sa alamar alli a inda ya fara da inda ya ƙare. In ka zo wurin ka ɗaga hannu, in saki, in tsayar."

Sai da ya juya zaren tef ɗin da hannu gaba da baya kusan sau goma kafin ya samu wurin daidai, sunan na fitowa a ja, wani lokaci da baya. Duk fitowa sai ya ce, "A gafarce ni, Baba." Ina kallon agogo ina ji kamar in shaƙe shi, ga kuma dariya na cin raina.

Ƙarfe biyar gangar itace ta buga. Na fara da ƙananan saƙonni don murya ta zauna: wani ya rasa alade mai yankakken kunne, wata na gaya wa mijinta ta sauka lafiya, namiji ne. Sannan na ɗauko takardar asibiti. Na karanta sunan farko, na karanta na biyu. Na ce, "Mutum na uku da likita yake kira, ba ni da bakin faɗar sunansa. Ga shi nan zai faɗa muku da kansa." Na ɗaga hannu.

Muryar ta fita sarai. Na jira Penias ya tsayar, bai tsayar ba. Na leƙa ta gilashi na ga hannunsa a kan maɓalli, idonsa ya cika da hawaye, alamar alli ta biyu ta riga ta wuce. Tsoho ya ja numfashi a cikin tef ya ɗauko waƙar kwalekwale, matuƙa suka amsa masa. Na sauke hannuna. Minti huɗu cur muka bar ta, a tsakiyar saƙonni, abin da Mista Linzi ba zai taɓa yarda da shi ba. Da ta ƙare na ce, "Wanda kuka ji yanzu, shi, ba wani ba, ya hau Tavur gobe da hantsi." Na karanta suna na huɗu, na koma kan cigiyar alade na biyu.

Rediyo ba ta dawo maka da amsa. Mun rufe tasha ba mu san ko batir ɗin malam yana da rai ba, ko tsoho yana gindin akwatin, ko ya ɗauki abin a matsayin wasa da shi. Washegari da la'asar na roƙi Misiel, wanda ya dawo, ya riƙe mini zaɓi-sonka, na sauka bakin tashar jiragen ruwa da ƙafa.

Relvi na fara hangowa. Tana riƙe da hannun wani tsoho mai sabon zane, kuma ba shi da tabarau.

Ta ba ni labari muna tafe a bayansa. Ta ce jiya yana zaune a can gefe, ya ba akwatin baya kamar yadda ya saba tun bara. Da muryar ta fito sai ya zabura ya ce, "Wa ke nan?" Yara suka ce, kai ne, Kaka. Da waƙar ta tashi duk ƙauyen suka ɗauki amshi, har babban wan da tabaransa. Tsoho ya saurara har ƙarshe, ya ce an ja baiti na biyu da yawa. Sannan ya ce, "Ɗauko mini zanena. Mutumin nan da ya kira ni, ban taɓa yi masa gardama ba."

An yi aikin ranar Alhamis. Da aka zo kwance masa ido na tsaya daga bakin ƙofa, inda ya kamata suruki ya tsaya. Ya daɗe yana kallon hannuwansa. Ya kalli Relvi har ta fara kuka. Sannan ya bi mutanen ɗakin da kallo, ya wuce ni, ya wuce Penias, ya dawo.

"Ina mai akwatin?" in ji shi. "Ya yi magana."

Na ce, "Sannu da jiki, Tambu."

Ya ƙura mini ido tun daga kai har ƙafa, ba nisa ba ne, don ni ba dogo ba ne. "Duk muryar nan daga ɗan wannan jikin take fitowa? Relvi, ashe ba ki ba shi abinci." Ɗaki ya ɗauki dariya. Da aka lafa ya ce, a hankali, ba tare da ya dube ni ba, "Ka riƙe bakinka, ka kuma kawo ni. Na gode, Tambu." Ni ke da godiya: ga Penias da yatsansa, ga Misiel da al'adarsa ta gwada inji, ga Mama Yawi da ta cinye mana minti shida har muka nemi abu mai tsawo, ga tsohon da ya yafe mini shekara guda ta duhu bai taɓa tayar da zancen ba.

A lokacin tef tsada yake, akan goge tsoho a ɗauki sabo a kai. Da layi ya zo kan na Palikur, Misiel muka sa ya yanko mana wurin, tunda shi hannunsa a sake yake. Bai fi kamu ɗaya ba. Na naɗe shi a gwangwanin taba na ajiye a aljihun tebur.

Shekara goma sha ɗaya tsoho ya yi yana gani. Ya koma teku, ya ga jikoki shida, ya kuma gaya wa wansa cewa tabaran ba su yi masa kyau ba. Ranar da sanarwar rasuwarsa ta zo, Misiel ya miƙo hannu ta kan tebur kamar kullum. Na girgiza kai, na jawo aljihun tebur. Penias ya haɗa zaren, ya cire hula. Ƙarfe biyar na ce wa tsibirai, "An yi mana rashi a Palikur. Ba ni da bakin faɗar sunansa." Na ɗaga hannu, tsoho ya yi tari, ya faɗa da kansa.